Kwana Huɗu Babu Wuta Bayan Guguwar Farkon Damina: Nazarin Halin da Wani Gida Mai Ƙananan Yara Ya Shiga a Bauchi

A garin Bauchi ɗauke wuta ba labari ba ne, domin ko yaron da bai fara zuwa makaranta ba ya san ihun da ake yi idan an kawo ta. Wannan sabon ne yake sa magidanta da yawa su ɗauka cewa sun gama shiri da duhu ko wane iri ne, alhali ɗaukewar da ake yi ta wasu awanni a dawo da ita daban take da wadda guguwa ke jawowa idan ta karya turaku ta tsinka wayoyi. Irin wannan ta biyun ba ta da ranar dawowa da aka sani, kuma idan ta tafi tana jan ruwan sha da abinci da waya da barcin yara su bi ta a baya. Na ga haka da idona a gidan maƙwabcina da muke haɗa katanga, abin da ban gani ba kuma na ji shi daga bakinsa da na mai ɗakinsa bayan ƙura ta lafa.

Gidan yana ɗaya daga cikin sababbin unguwannin da ke wajen Yelwa, ta hanyar Dass. Ɗaki biyu ne da falo, da ɗan lungu mai rufi tsakanin kicin da ɗakin kwana, sai tsakar gida da baranda. Maigidan ma'aikacin gwamnati ne, matarsa kuma tana sayar da zoɓo da ƙanƙara daga firiza ɗaya da take da ita, wato wutar lantarki ita ce jarinta. Yaransu uku: babbar tana da shekara bakwai, na tsakiyan shekara uku, sai jaririya mai wata biyar. Mahaifiyar maigidan, wadda yaran ke kira Kaka, tana zaune tare da su a lokacin. Ruwan famfon Bauchi daga madatsar Gubi yake zuwa, amma bututu bai iso layinmu ba tukuna, saboda haka dukkanmu mun dogara ne da rijiyar burtsatse ta wani gida a bakin layi, wadda injinta da wuta yake aiki, 'yan garuwa kuma can suke cika jarkokinsu.

Hadarin farkon damina a wannan yanki daga gabas yake tasowa, kuma sau da yawa iskarsa ta fi ruwansa ɓarna, domin tana riga shi isowa da jar ƙura da ƙarfin da ke yaye kwano. Mutanen garin ba su manta da guguwar watan Yuni na 2018 ba, wadda ta auku a kwanakin ƙaramar Sallah, ta ɗauke rufin gidaje masu yawa, aka rasa rayuka, har shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya zo jaje. Wadda nake magana a kanta ba ta kai waccan ba, amma ta isa ta bar unguwarmu cikin duhu dare huɗu.

Ta zo ne bayan la'asar, a ƙarshen wani yini mai tsananin zafi. Maigidan yana kan hanyarsa daga kasuwar Muda Lawal, don haka matar ce da Kaka suka fuskanci farkonta. Abin da matar ta yi cikin 'yan mintocin da ta samu ya dace ƙwarai: ta shigo da yara daga waje duk da cewa na tsakiyan yana kukan a bar shi ya yi wasan ruwa, ta kwashe shanya da kwanoni da duk abin da iska za ta iya jifan mutum da shi, ta zare talabijin da firiza daga soket, sannan ta tara kowa a ɗakin ciki nesa da taga. Kaka ta ɗora yaron a cinya tana maimaita masa addu'ar da ake yi idan iska ta taso. Ita kuwa babbar yarinyar, mahaifiyarta ta sa ta ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa, dabarar da ta kawar mata da hankali daga tsoro, kuma tana da tushe, tun da ƙarar tsawa tana cin kimanin daƙiƙa 3 kafin ta yi tafiyar kilomita ɗaya. Suna cikin haka suka ji ƙarar faɗuwar wani abu mai nauyi a bakin layi, fanka ta tsaya.

Giɓin farko ya bayyana ne da magariba. Fitilar caji biyu suke da su, amma ɗaya ta mutu tun makon da ya wuce, ɗayar kuma ba ta cika ba, saboda an saba a yi mata caji da dare idan an kawo wuta. Batirin tocila ya yi sanyi. Sai aka koma haska ɗaki da wayoyin hannu, kafin isha'i wayar maigidan ta mutu, ta matar kuma saura kaɗan. Maigidan ya kawo shawarar a sayo kyandir, matar ta ƙi, hujjarta kuwa ita ce ɗakin cike yake da gidan sauro da katifa, ga yaro ɗan shekara uku da hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Gaskiyarta ce. A wannan daren dai da hasken fitila guda mai dusashewa aka ci tuwo, aka kwanta da tunanin cewa gobe za a gyara.

Da gari ya waye muka ga abin da ya faru. Wani tsohon itacen dogon yaro ya faɗo a kan layin wuta, ya karya turaku biyu, wayoyi kuma suna kwance a cikin ruwan da ya taru a kan hanyar da yara ke bi zuwa Islamiyya. Kafin manya su fito, yaran unguwa sun riga sun zagaye itacen suna karyar rassa domin kai wa iyayensu makamashi. Mutane da yawa suna ganin tun da babu wuta a unguwa to wayar ta mutu, kuma wannan zato ne mai kisa, domin ana iya maido da wuta a layin ba tare da sanarwa ba, haka kuma janaretan wani gida da aka haɗa da wayoyin gidan ba tare da na'urar sauya layi ba yana iya tura wuta ta koma cikin wayar da ke ƙasa. Ƙasa mai danshi ma tana ɗaukar wutar ta bazu, shi ya sa ake cewa a tsaya nesa da aƙalla mita 10. Maƙwabcina da mai unguwa suka kori yaran, aka jera duwatsu aka tare hanyar ta ɓangarori biyu, aka sa matasa biyu gadi, sannan aka kai rahoto ofishin wuta. A can aka shaida wa maƙwabcina cewa ɓarnar ta shafi wurare da dama, kuma gyara yana bin tsari ne daga sama zuwa ƙasa: sai an tayar da manyan layuka masu ƙarfin kilobolt 33 da 11 waɗanda ke ciyar da taransifomomi, kafin a zo kan ƙananan wayoyin da ke shiga layukan unguwa. A nan ne ya gane cewa maganar ta kwanaki ce.

Ruwa ne ya fara matsa su, ba duhu ba. Tankin gidan mai burtsatse ya ƙare kafin azahar, 'yan garuwa suka koma ɗebowa daga nesa, kuɗin jarka ya kusan ninkawa, kuma sai ka tare su tun daga bakin titi kafin ka samu. Gida mai jaririya kuwa ruwa yake sha kamar ƙasa, ga wankin tsumma, ga wanka saboda zafi, ga girki. Matar ta tari ruwan sama a robobi a daren guguwar, amma ruwan farko da ya sauko daga kwano ya wanko ƙurar rani da kashin tsuntsaye da na ƙadangaru, bai dace da sha ba sai an tace an tafasa. Ta ware shi domin wanki da banɗaki, sai dai ba ta rufe robobin ba, ba ta kuma ɗaga su daga inda yaron zai kai ba, daga baya aka gan shi da moɗa a bakin ɗaya daga cikinsu.

Batun firiza ya ƙunshi zaɓi mai wuya, kuma ba na ganin laifin matar a abin da ta zaɓa, ko da yake ya jawo asara. Firjin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi na kimanin awa 4, firiza mai cike kuma tana kai awa 48, idan rabi ce awa 24. Tata cike take da ƙanƙara da robobin zoɓo, da ɗan nama da kifi a ƙasa. Da safen nan kowa a unguwa ƙanƙara yake nema, sai ta sayar da ita duka cikin awa biyu, ta samu tsabar kuɗin da daga baya suka yi amfani ƙwarai. Amma ƙanƙarar ce ke riƙe da sanyin, ga kuma buɗewa da rufewa, don haka kafin yamma nama ya saki. Kaka ce ta ceci abin da ya ragu: ta sa aka hura gawayi, aka soye naman ƙayau da gishiri, kifin kuma aka yi miya da shi aka raba wa maƙwabta, ni ma kwano ya iso gidana. Tumatir da tattasai ta zuba su a ƙaramar tukunyar ƙasa, ta saka ta cikin babba, ta cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ta rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Wannan dabara ta tukunya cikin tukunya ita ce wadda wani malamin makaranta a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa a ƙauyuka har ya samu lambar yabo ta Rolex a kanta. Tana sanyaya kayan miya ne ta hanyar bushewar ruwan yashin, saboda haka ta fi aiki idan iska a bushe take, kuma ba ta isa ta tsare nama ko madara ba. Zoɓon kuwa ya fara tsami a kwana na biyu, matar ta yi jinkirin zubar da shi saboda tausayin jarinta, yara suka sha daga ciki.

Dare na biyu shi ne ainihin dalilin da ya sa na rubuta wannan nazari. Zafi ya dawo da ƙarfi bayan ruwan, jaririyar ta fito da ƙurajen zafi a wuya tana ta kuka, sauro kuma ya tashi. Maigidan ya kasa jure ganin haka, ya je ya aro ƙaramin janareta wurin abokin aikinsa, ya sayi fetur lita biyu, abin da ba ƙaramin kashe kuɗi ba ne tun bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023. Niyyarsa fanka ta juya na 'yan awanni, a kuma yi cajin fitila da wayoyi. Sai dai hadari ya sake haɗuwa, yana tsoron ruwa ya taɓa injin da ba nasa ba, yana kuma tsoron ɓarayi su ji ƙara su ƙetaro katanga. Saboda haka ya ajiye shi a lungun nan mai rufi da ke tsakanin kicin da ɗakin kwana, ya ja ƙofar waje ya rufe, ya bar tagar ɗaki a buɗe ta ɓangaren lungun domin waya ta shiga.

Bayan kamar awa ɗaya da rabi babbar yarinyar ta farka ta ce, "Umma, kaina yana ciwo." Mahaifiyarta ta taɓa goshinta ba ta ji zafi ba, ta ce ta koma ta kwanta. Da ta miƙe domin ɗauko mata ruwa sai ita ma jiri ya kwashe ta, zuciyarta na tashi, ta ɗauka gajiya ce. Kaka, wadda ke kwance a falo kusa da ƙofar baranda inda iska ke shiga, ita ce ta lura cewa mutum biyu sun yi ƙorafi iri ɗaya a lokaci ɗaya, jaririyar da ta yini tana kuka kuma ta yi shiru irin wanda bai kwanta mata a rai ba. Ta tashi ɗanta da ƙarfi ta ce, "Kashe injin nan, ku fitar da yaran waje." Ya kashe, suka buɗe ƙofofi, suka fito tsakar gida, sannan ya buga mini ƙofa. Ba zan manta da yadda na same su ba: matar zaune a kan turmi da jaririya a ƙirji tana hura mata iska a fuska, yarinyar ta durƙusa tana amai a bakin magudana, maigidan kuma riƙe da ɗansa a kafaɗa, babu takalmi a ƙafarsa, yana ta maimaita salati.

Abin da ya kama su iskar kabon monoksaid ce, wadda ke fita daga hayaƙin duk injin da ke ƙona fetur, da kuma gawayin da aka hura a rufaffen ɗaki. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari, shi ya sa mutum ba ya sanin yana shaƙarta. Idan ta shiga jini tana manne wa ƙwayoyin da ke ɗaukar iskar numfashi da ƙarfin da ya ninka na iskar numfashin fiye da sau 200, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abin da suke buƙata. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala da barci mai nauyi, waɗanda a nan kowa zai fara kai su ga zazzaɓin cizon sauro, kuma wanda ke barci yana iya wucewa ba tare da ya farka ba. Jarirai da ƙananan yara sun fi saurin kamuwa domin numfashinsu ya fi na manya sauri. Ƙa'idar da masana lafiya ke bayarwa ita ce a ajiye janareta a fili, kimanin mita 6 daga ƙofa da taga, bakin hayaƙinsa yana kallon nesa da ɗaki; zaure da lungu da baranda mai rufi duk ba fili ba ne, ko da an bar ƙofa a buɗe. Na ɗauke su a motata zuwa asibiti a daren, aka duba su, aka riƙe uwar da yaran biyu mata har safe, sannan aka sallame su lafiya. Maƙwabcina mutum ne mai kula da iyalinsa, kuma kulawar ce ta kai shi aro injin. Ilimin wannan abu guda ne bai taɓa isowa gare shi ba, kamar yadda bai iso ga da yawa daga cikinmu ba.

A kwana na uku na tsakiyan ya fara gudawa, ko daga ruwan robar ne ko daga zoɓon. Wannan karon matar ba ta jira ba. Ta tafasa ruwa ya yi minti ɗaya yana tafarfasa, ta bar shi ya huce, ta haɗa ruwan gishiri da sukari yadda aka koya musu a awon ciki, wato lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, tana ba shi kaɗan-kaɗan bayan kowane fita, kafin maigidan ya samo na leda da ƙwayar zinc daga kemis. Ta ci gaba da ba shi kunu da abinci, tana lura da fitsarinsa da idanunsa, da niyyar komawa asibiti idan ya ƙi sha ko aka ga jini. Ya warware cikin kwana biyu. Daga ranar duk ruwan sha sai an tafasa an zuba a randa mai murfi, moɗa ɗaya kuma aka ware mata. An ɗan yi saɓani a kan jaririyar, domin Kaka tana ganin zafin ya isa a ɗiga mata ruwa, uwar kuma ta tsaya a kan cewa yaron da bai kai wata 6 ba nono kaɗai ake ba shi, sai dai a ƙara yawan shayarwa. Cikin ladabi ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ruwan nan ne ya kwantar da yayanta." Kaka ta amince, ta ɗauki mafici ta zauna tana yi wa jaririyar fifita. Sauran dararen a baranda aka ɗaura gidajen sauro aka kwana, ana shafa wa yara jiƙaƙƙen tsumma.

Akwai kuma abin da ba a cika lissafa shi cikin asara ba, wato tsoron da ya shiga yaran. Na tsakiyan ya ƙi shiga ɗaki da zarar rana ta faɗi, ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, ko kwano ya motsa sai ya ruƙunƙume uwarsa. Mahaifinsa, da gajiya da rashin barci suka yi masa yawa, ya daka masa tsawa sau ɗaya, abin ya ƙaru maimakon ya ragu, shi da kansa ya faɗa mini haka da nadama. Abin da ya yi aiki shi ne matar ta mayar da yini kan tsarinsa na kullum, lokacin wanka da na cin abinci da na karatun allo ba su canza ba, ta kuma ba kowa aiki. Babbar ita ce mai riƙon tocila da kai fitila shagon mai caji da sola tare da mahaifinta, ƙaramin kuma shi ne mai ƙirga jarkoki. Da rana mahaifinsu ya ɗauke shi ya nuna masa itacen da karyayyun turakun daga nesa, ya gaya masa cewa iska ce ta kayar da su kuma masu gyara suna zuwa. Da dare Kaka ta buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", Gizo da Ƙoƙi suka cike gurbin talabijin, har yaran gidana suka riƙa tsallakowa.

Kuɗi da waya ba su ba su wahala sosai ba, saboda cinikin ƙanƙarar ya bar musu tsaba a hannu a lokacin da sabis ke yankewa masu POS suna cewa taransifa ba ta tafiya. Ƙaramar wayar Kaka mai madannai, wadda cajinta ke kwana uku, ita ce ta riƙe gidan, da rediyonta mai batir.

Matasan unguwa suka sassare itacen suka buɗe hanya, ma'aikata suka kafa sababbin turaku a kwana na huɗu, wuta ta dawo bayan magariba. Matar ba ta mayar da komai a soket ba sai da ta ga ƙwan falo ya tsaya da haske daidai na wani ɗan lokaci, domin wutar da aka dawo da ita bayan gyara takan zo da hawa da sauka, kuma a layinmu akwai gidan da talabijin ɗinsu ta ƙone a daren. Firizar ta sha wanki da ruwan zafi kafin warinta ya fita, jarin zoɓon kuma sai da aka yi mata karo-karo a dangi ta sake tayar da shi.

A makonnin da suka biyo baya maigidan ya sayi fitila mai ɗan faifan sola da ke cajin waya, ya ƙara jarka huɗu da ake cikawa da zarar an ga gabas ta yi duhu, ya sa kafinta ya ƙara wa kwanon rufin ƙusoshi, muka kuma haɗu da mai unguwa aka rage rassan sauran itatuwan da ke kan wayoyi. Ya gina wa janareta ɗan keji mai rufi da kwaɗo a can ƙarshen tsakar gida, ko da yake har yau bai sayi nasa ba, kuma ya roƙi limamin masallacinmu ya yi wa jama'a bayanin hayaƙin inji bayan sallar isha'i, shi da kansa ya miƙe ya ba da labarin darensu. Da hadari na gaba ya taso, ina jin muryar babbar yarinyar ta bayan katanga tana ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa, ƙanenta yana bin ta da nasa ƙirgen a hargitse, tocila kuma tana rataye a ƙusar da aka kafa mata daidai tsayin hannunta.